Jarumina yana da buri amma an ce ba shi da rai, ina matsalar take?

Ɗan Kusugu:

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Don Allah a taimaka min da shawara, abin ya tsaya min a rai. Ina rubuta labarin fim ne, ba mai dogon zango ba, guda ɗaya ne da ba zai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba, muna so mu ɗauka a nan Daura mu sa a YouTube. Labarin wani saurayi ne Habu, ɗan fito, yana ɗauko shinkafa a babur daga cikin Nijar ta hanyoyin daji na wajen Kongolam, lokacin da aka rufe boda a 2019 ɗin nan da shinkafa ta yi tashin gwauron zabi matasa da yawa suka faɗa harkar. Burinsa ya tara kuɗi ya sayi mota ya huta da hawan babur, ya kuma auri wata yarinya Rabi da iyayenta suke ta jan ƙafa saboda sana'arsa. Na sa duk abin da na san yana riƙe mai kallo, akwai tsere da kwastan cikin dare ba fitila, akwai abokinsa da ya ci amanarsa ya tona hanyar da suke bi, akwai inda ya faɗi da babur ya karye a hannu, daga ƙarshe dai ya sayi motar aka ɗaura aure.

Na ba wani yayanmu darakta ya karanta tas, sai ya ce min labarin yana gudu amma Habu ba shi da rai. Ya ce ya ga abin da yaron yake nema amma bai ga abin da yake cinsa ba. Na ce to Yaya ba ga mota ba ga Rabi? Ya ce wannan buri ne, buƙatar zuciya daban take. Yana sauri zai tafi lokeshan ba mu ƙarasa maganar ba. To ni tambayata mene ne bambancin su? In kuma akwai, ta yaya zan sa shi a takarda ba tare da na zaunar da Habu a bakin gado ya yi tagumi yana ba kyamara labarin damuwarsa ana sa kiɗa mai taushi ba, don wannan kam wallahi na gaji da ganinsa a fina-finanmu.

Tsohon Ɗan Dirama (Ƙofar Marusa):

Wa alaikumus salam ɗana. Daraktan nan naka ya san aikinshi, ka riƙe shi da kyau.

Bari in faɗa maka yadda na fahimci abin. Buri shi ne abin da jarumi zai iya faɗa maka da bakinshi in ka tare shi a hanya ka ce Habu mi kake nema, ya ce mota, ya ce Rabi. Ana iya ɗaukar hoton shi, ana iya cewa ya samu ko bai samu ba. Buƙatar zuciya kau ita ce wadda in ka tambaye shi zai ce maka ba komai, ko ma ya yi fushi da kai, wani lokacin shi kanshi bai san da ita ba. Ita ce ke sa mutum ya riƙa yin abin da ya wuce hankali a kan burin. Matasa nawa ke son mota a Daura? Duka. Amma nawa ne za su koma daji da karyayyen hannu kafin ɗori ya kama? Wanda ya yi haka ba ƙarfe yake bi ba, akwai abin da yake so motar ta faɗa a madadinshi, kuma akwai wanda yake so ya ji.

Kai da kake zamne kusa da Kusugu ba sai ka je nesa ba, ka dubi labarin Bayajidda yadda ake ba da shi. Ya baro Bagadaza, ya zamna Borno har ya yi aure, nan ma zama bai yi daɗi ba ya gudo, ya biyo ta Gaya maƙera suka ƙera mashi wuƙa, ya iso Daura cikin dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana. Mi ya nema? Ruwa. Ta ce mashi ba a samun ruwa sai ranar Juma'a saboda macijin da ke rijiyar Kusugu. Ya je ya kashe maciji ya sha ruwa ya ba dokinshi. In da ruwa ne kaɗai labarin, to nan ya ƙare, da safe sai ya ɗaura sirdi ya wuce. Amma da Daurama ta ce za ta ba wanda ya kashe macijin rabin gari, sai ya ce shi ba ya son rabin gari, aurenta yake so. Nan ne mai sauraro ke gane ashe mutumin nan da ya bar gari biyu a baya wurin zama yake nema, inda za a ce shi ɗan gida ne ba baƙon da za a wayi gari a kora ba. Ba inda ya tsaya ya yi jawabi a kai. An ajiye mashi abu biyu, ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya, shi ke nan muka san cikinshi.

Haka Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya rubuta yana koyarwa a makarantar Midil nan Katsina aka buga a 1934. Ruwan ne ake nema, amma abin da ya fitar da yaron daga gida shi ne an wulaƙanta maganar uban da ya riƙe shi a gaban fada, ya tafi ya wanke mashi fuska.

Mu zamanin da muke wasan daɓe ba mu rubuta magana baki da baki, sai dai a zamna a ce kai ne wane, ga abin da ya faru, kowa ya shiga ya yi. Ƙungiyoyin dirama irin waɗannan ne suka haifi fim ɗin Hausa na bidiyo, Turmin Danya da ya fito a Kano a 1990 ai ƙungiyar dirama ce ta yi shi. Abin da na lura a wancan lokaci, ɗan wasan da aka faɗa mashi mi ke damun mutumin da zai fito a matsayinshi, ko ba a ba shi kalma ɗaya ba sai ka ga ya cika fage. Wanda kau aka ce mashi kai dai kuɗi kake nema, sai ya yi ta ihu.

Don haka ka amsa mani tambaya ukku. Wa ya reni Habu? Ran da ya sayi motar, ƙofar gidan wa zai fara tsayawa da ita? Kuma wace magana ce yake jira wani ya faɗa mashi tun yana yaro ba a faɗa ba?

Ɗan Kusugu:

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Ta farkon akwai ta a labarin, Habu ɗan fari ne, tun da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, a ɗakinta ya tashi har ta rasu. Babansa dillalin dabbobi ne yana cin kasuwar Mai'aduwa, ƙanin Habu ne yake bin sa kasuwa yana riƙe masa igiya. Amma ni na sa wannan ne kawai don a san asalinsa, sin ɗaya, wato fitowa ɗaya a fim ɗin, ne ma uban ya fito, wajen ɗaurin aure. Tambaya ta biyu da na rubuta ƙofar gidan su Rabi ya fara zuwa, yanzu da kuka tambaya kuma sai na ji kamar ba nan zai je ba. Ta uku ina tunani tukuna.

Maman Ilham (Sabuwar Unguwa):

Ƙanena ai ka riga ka amsa ta ukun, tana nan cikin abin da ka rubuta yanzu. Ɗan fari, kaka ta rena, uba yana tafiya kasuwa da ƙani. Wallahi ina karantawa sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru, domin gidan da babu irin wannan a ƙasar nan kaɗan ne.

Ka san kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, uwa ba ta kiran sunansa, sai dai a ce kai, ko yaron nan, ko wani laƙabi da kaka ta sa masa. Ba a wasa da shi, ba a yabonsa a gaban mutane, in ya yi abin kirki a kau da kai kamar ba a gani ba. Kuma ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san ba ƙiyayya ba ce, shi ma Habu in ka tambaye shi zai ce maka ai al'ada ce, har ya yi dariya. Amma sanin kai daban, abin da zuciya take ji daban. Yaron da ya tashi yana jin babansa yana ƙwala wa ƙaninsa kira da sunansa safe da yamma, shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa jin nasa a bakin ba, to ga abin da yake cinsa nan. Yana so uban ya dube shi ya ce na gan ka, ka yi, Allah ya yi maka albarka. Kuma abin da ya sa wannan ya fi ƙarfi a fim shi ne ba zai taɓa iya roƙa ba, don duk ranar da ya buɗe baki ya ce Baba me ya sa ba ka kiran sunana, ya zama marar kunya, kuma mai kallo ma ba zai yarda ba don ba a yi a gidajenmu. Ka ga kunyar da kanta ta hana ka rubuta jawabin bakin gadon da kake gudu.

Yadda za ka nuna kuwa, ni dai in ni ce zan fara da abu ƙarami. Habu ya dawo daga daji da asuba, ƙura har gira, ya sauke buhu ɗaya a zauren gidansu ba wanda ya sa shi. Uban yana kan buzu yana lazimi, ya ɗaga ido ya ga buhun, ya ga Habu tsugune yana gaishe shi, ya amsa da lafiya lau a taƙaice, sannan ya ɗaga murya ya kira ƙanin da sunansa ya ce zo ka shigar da kayan nan ciki. Ka bar kyamara a kan Habu yana tsugune bai tashi ba, daƙiƙa kaɗan fiye da yadda gaisuwa take buƙata, kamar akwai sauran abin da yake jira, sannan ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya fita. Babu wanda ya yi laifi a sin ɗin nan, uban bai zage shi ba, amma duk mai kallo ya ji. Labarin zuciya a tambayi fuska aka ce.

Daga nan sai komai na labarinka ya canja ma'ana ba tare da ka rushe shi ba. Motar da yake so, ka sa ta zama irin wadda ake loda awaki da tumaki a kai kasuwa, ka ga ba sai an faɗa ba an san wa yake so ya ɗauka a gaba. Abokin da ya ci amanarsa, ka sa dama Habu yana jure masa abin da bai kamata ba saboda shi kaɗai ne mai zuga shi yana ce masa kai namiji ne, mai yunwar yabo ai da yabo ake kama shi. Ita ma Rabi kar ka bar ta kyauta ce kawai da ake miƙa wa jarumi a ƙarshe, ka ba ta ido, ta zama ita ce ta fara gane cewa ba don ita yake wannan kasadar ba, ta ce masa ni ban ce sai da mota ba, wa kake yi wa? Shi kuma ya hau faɗa, don an taɓa wurin.

Sannan don Allah kar ka mai da uban bos, wato mugun fim ɗin. Ka ba shi sin ɗaya shi kaɗai, daren da Habu ya karye, ya zo har ƙofar gidan mai ɗori ya tsaya a waje cikin duhu yana jin ihun ɗansa, ya kasa shiga, ya ba wani yaro kuɗin ɗorin ya ce kar a ce shi ya bayar. Mu mun gani, Habu bai gani ba. Daga wannan lokacin mai kallo ba mota yake jira ba kuma.

Mai Yanka Hoto:

Anti Maman Ilham maganarki ta yi kyau amma bari in kawo nawa ta ɓangaren da nake, ni editin nake yi kuma ina ganin yadda mutane suke kallon abin da muka sa. Yawancin masu kallonmu a waya suke kallo, ƙaramin sikirin, data ana lissafinta, wata tana girki ta jingina wayar jikin bokiti tana saurare ne fiye da kallo, wani yana shago yana sallamar kwastoma. Sin ɗin tsugunon nan in ba a samu ɗan wasa mai fuska ba da mai kyamara da ya san ya matso kusa, wallahi wucewa zai yi ba wanda ya lura, su ce fim ɗin yana da sanyi su tsallaka gaba. Kuma mu Hausawa mutanen magana ne, da tatsuniya da wasan kwaikwayon rediyo muka tashi, kunne ya riga ido. Ina jin tsoron a koya wa yaro yin shiru irin na fina-finan Turawa ya zo ya yi fim ɗin da marubuta za su yaba amma ba a kalla ba. Sannan ba kowane jarumi ne dole sai yana da wani ciwo a zuciya ba, Gizo wane ciwo gare shi? Yunwa ce da wayo kawai, kuma har gobe ana jin labarinsa. Masu barkwanci ma haka, yadda suka shigo haka suke fita ba abin da ya canja kuma ana dariya ana sake kallo.

Ni shawarata ɗan uwa kar ka taɓa tseren kwastan ɗin nan, shi zai riƙe maka mutane a mintunan farko.

Abban Sadiq (Dutsin Safe):

Mai Yanka Hoto gaskiyarka a kan Gizo, amma Gizo tatsuniya ce ta minti biyar, kuma ba a tausayinsa ake ba, dariyar yadda zai ƙare ake. Labarin Ɗan Kusugu ya haura awa, ga karaya ga cin amana, yana neman a damu da yaron ne, to nan dole a san me ya sa.

Su ma Turawan da suka rubuta littattafai kan wannan ba shiru suka ce a yi ba. Robert McKee a littafinsa Story na 1997 ya yi bayanin cewa jarumi yana da abin da yake so a sane, wani kuma yana da na biyu wanda bai sani ba, kuma na biyun yakan yi karo da na farkon. Karon shi ne wurin aiki. Syd Field kuma tun 1979 ya kasa labarin fim gida uku, kusan kwata na farko shimfiɗa, rabi na tsakiya gwagwarmaya, kwata na ƙarshe warwara, a kan lissafin shafi ɗaya minti ɗaya. In ka ɗora labarinka a kai, fim na minti 80 ke nan sin ɗin zauren ya shigo cikin minti 20 na farko, kusa da tseren, ba a maimakonsa ba. Matsalar da na gani a yadda ka tsara yanzu ita ce burin da buƙatar ba su taɓa haɗuwa a hanya ɗaya ba, ya nemi mota ya samu mota. Sai ka kai shi inda dole ya saki ɗaya. Misali kuɗin motar sun cika cif, ranar kuma aka wayi gari dabbobin amana da ke hannun uban sun salwanta, masu su sun taru a zaure, mutuncin dattijo zai zube. Habu yana da kuɗin a aljihu.

Maman Ilham (Sabuwar Unguwa):

Mai Yanka Hoto ban ƙi taka ba, ni ma da wayar a jikin bokiti nake kallo. Amma ai ba shiru na ce a yi ba, cewa na yi kar a faɗi abin kai tsaye, kuma mu wa ya fi mu iya wannan? Habaici, gugar zana, magana da wani don wani ya ji, duk namu ne. Sin ɗin zauren ma da kunne ake jinsa, mai girki za ta ji an kira ƙani da suna da ƙarfi, ta ji an ce wa Habu kai. In aka maimaita sau biyu sau uku cikin fim ɗin kunnenta zai riƙe ko ba ta ɗago ba. Uban zai iya yin magana mai yawa ma, ya zauna da abokinsa a kasuwa yana yabon wani ɗan maƙwabci da ke taimakon iyayensa, yana kwatanta duk abin da Habu yake yi, bai ambaci Habu ba, abokin ya ce Alhaji ai naka ma haka yake, ya ce a'a bar wannan maganar, nawa ka ce ragon?

Abban Sadiq misalinka ya zauna, sai dai ina da gyara ɗaya. In Habu ya shiga zauren ya zube kuɗin a gaban mutane uban ya rungume shi ana kuka, an ɓata komai, don ya sayi yabon ne da kuɗi, kuma ya kunyata uban a gaban baƙi. Abin da zai nuna ya girma shi ne ya bi ta hannun aminin uban ya biya a ɓoye ya ce kar a faɗa, wato ya yi irin abin da uban ya yi masa daren ɗori ba tare da ya san an yi masa ba. Ya haƙura da a gan shi, a daidai lokacin da ya fi kowane lokaci damar a gan shi.

Ɗan Kusugu:

Allah ya saka da alheri, na cika takarda da rubutu. Tseren yana nan Mai Yanka Hoto ba zan cire ba. Saura abu ɗaya Baba da Anti, a ƙarshe uban ya kira sunan nasa ko kar ya kira? Zuciyata tana so ya kira.

Tsohon Ɗan Dirama (Ƙofar Marusa):

Ni dai ɗana da ni ne ba zai kira ba. Dattijon da ya shekara 24 bai faɗi sunan nan ba, ba zai fara rana ɗaya don fim zai ƙare ba, mutanen Daura za su ce wannan ba Alhajin da muka sani ba ne. Amma aminin nan ba zai iya riƙe sirrin ba, dillalai ne, zai faɗa mashi. Sai ran kasuwa da asuba uban ya fito da sandarshi, ƙanin ya miƙo hannu zai karɓi igiya kamar kullum, uban ya ce a'a kai zamna gida yau, ya juya wajen Habu da ke goge babur ya ce kai, taso ka kai ni Mai'aduwa. Ka sa ya hau bayan babur ɗin da ya daɗe yana ƙyama, ya dafa kafaɗar yaron don ya gyara zama. In ɗan wasanka ya iya, Mai Yanka Hoto ya bar hoton ya ɗan daɗe kafin ya yanke. In kuma ka ga lallai sai an ji wani abu da kunne, to a kan hanya uban ya tambaye shi hannun ya daina ciwo, ya ambaci sunan mai ɗorin da Habu bai taɓa faɗa mashi ba.

Auren Rabi kuma ka bar shi a sa rana kawai, kuɗin sun tafi, iyayenta za su ƙara jan ƙafa, ka ga ka samu abin da za ka buɗe kashi na biyu da shi in Allah ya sa na farkon ya karɓu. In ka gyara ka turo mani in duba maganganun uban, don nan ne matasa kuka fi sa wa dattijo kalaman da ba ya yi.